Yadda Za Mu Tsare Tsofaffinmu Daga Faɗuwa A Gida

Mun saba yin magana a wannan shafi a kan taki da iri da maganin ƙwari. Yau za mu ajiye fartanya mu shiga cikin gida, gama akwai wata asara da ke cin amfanin gonar manomi ba tare da ta taka gonar ba.

Da daminar bara, cikin watan Agusta, wani ɗan ƙungiya da ke noman lambu a fadamar bakin kogi ta wajen Rafin Guza ya daina zuwa taro. Da muka bi sawu sai muka tarar mahaifiyarsa ce a kwance. Tsohuwa ce da ta haura shekara 70, wadda ya ɗauko daga ƙauye ya kawo ta birni domin ta huta. Wata rana da asuba ta tashi za ta zaga bayan gida. An yi ruwa da dare, ba wutar lantarki, ita kuwa ba ta so ta tashi kowa daga barci. Ta taka gansakuka kusa da kwata, santsi ya ɗebe ta, ta faɗi a gefe ɗaya. Nan ta kwana cikin sanyi har gari ya waye. Ƙashin ƙugunta ya karye.

Ku dubi abin da ya biyo baya. An yi sati 3 wurin mai ɗori ba sauƙi, sa'an nan aka tafi asibiti. Ɗanta ya sayar da masararsa tun ba ta bushe ba, ya kuma ci bashi daga asusun ƙungiya. Matarsa ta bar kai kayan miya kasuwa domin jinya. Babbar 'yarsu ta rasa zangon karatu guda. Sa'ad da muka je gaisuwa, tsohuwar ta ce mana, "'Ya'yana, tsufa ne, ba laifin kowa." Muka amsa mata da ladabi, amma da muka fito sai muka auna hanyar da ta bi. Daga ƙofar ɗakinta zuwa bayan gida taki 14 ne. A cikin takin nan 14 mun ƙirga abubuwa 5 da za su iya ka da mutum: dokin ƙofa mai tsayi, turmi a kan hanya, igiyar akuya, gansakuka, da duhu. Gyaransu duka bai kai kuɗin buhun taki ɗaya ba.

Abin da muke so kowane ɗan ƙungiya ya riƙe ke nan. Faɗuwar tsoho tana da dalilai, yawancinsu kuwa ana iya ganinsu da ido a gyara da hannu tun kafin su yi ɓarna.

Girman wannan matsala

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa mutane wajen 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara saboda faɗuwa. In aka cire hatsarin mota, ba wani hatsari da ke kashe mutane kamarta. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke faruwa, watau irin namu, kuma waɗanda suka wuce shekara 60 su ne suka fi mutuwa. Wani rahoto da hukumar ta fitar a 2007 ya nuna cewa cikin masu shekara 65 zuwa sama, kashi 28 zuwa 35 cikin 100 suna faɗuwa kowace shekara. A nan Nijeriya ma, binciken da malaman Jami'ar Ibadan suka buga a 2010 ya sami kashi 23 cikin 100 na tsofaffin da aka tambaya sun faɗi cikin shekara guda, mata kuwa sun fi maza.

Ma'anar wannan ita ce, in ikilisiyarku tana da tsofaffi 20, ku sa rai 4 ko 5 ko 6 za su faɗi kafin shekara ta zagayo. Da yawa za su tashi su kakkaɓe zane su yi shiru. Amma ƙashin tsoho ba kamar na yaro ba ne. Da shekaru sukan yi yawa, ƙashi yakan zama kamar itacen da gara ta ci, musamman na mata bayan sun daina al'ada. Kusan dukan karayar ƙugu ta tsofaffi daga faɗuwa take zuwa, kuma bincike a ƙasashe da dama ya nuna kimanin 1 cikin kowane 4 ko 5 da suka karye a ƙugu ba sa cika shekara a raye. Ba karayar kaɗai ke kisa ba, doguwar kwanciya ce ke jawo gyambo a baya, da ciwon huhu, da daskarewar jini a ƙafa.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a gani. Wanda ya taɓa faɗuwa yakan ji tsoro, sai ya rage tafiya. In ya rage tafiya ƙafafu su yi rauni, in sun yi rauni kuwa faɗuwa ta biyu ta fi ta fari kusa.

Dalilan da ke cikin jiki

Masu karatun Littafi Mai Tsarki za su tuna da Eli firist cikin 1 Sama'ila sura 4. Yana da shekara 98, idanunsa sun dushe, jikinsa ya yi nauyi, da mummunan labari ya zo masa sai ya faɗi da baya daga kan kujerarsa, wuyansa ya karye. Abubuwa da yawa ne suka taru a kansa a lokaci ɗaya. Haka yake har yau, da wuya abu guda ya ka da tsoho. Ga waɗanda ya kamata mu lura da su:

1. Ido. Babban binciken makanta da aka yi a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce ta fi kowane abu makantar da mutane. Yanar ido kuwa ana cire ta da ɗan gajeren aiki, mutum ya koma gani. Mu da ke Kaduna mun yi sa'a, gama Cibiyar Ido ta Ƙasa tana nan ta wajen Mando. A Kano ma akwai Asibitin Ido na ECWA. In Baba ya fara lalube, ko yana zuba ruwa gefen kofi, ko ba ya gane mutum sai ya yi magana, kada a ce tsufa ne. A kai shi a duba. Ya kamata kowane tsoho a duba idonsa sau ɗaya a shekara.

2. Jiri sa'ad da aka miƙe. Da yawa cikin tsofaffi, in sun tashi tsaye farat ɗaya, jini ba ya isa kai da sauri, sai ido ya yi duhu. Wannan ya fi yawa da asuba, da lokacin zafin Maris da Afrilu, da bayan zawo ko zazzaɓi. Maganinsa shi ne tashi a hankali, kashi uku: a zauna a bakin gado a ƙirga har 30 ana motsa ƙafafu, a miƙe a dafa wani abu a tsaya kaɗan, sa'an nan a ɗaga ƙafa. A kuma sha ruwa isasshe da rana.

3. Magunguna. Maganin barci, da wasu magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa gyangyaɗi, da maganin hawan jini in ya yi yawa, da maganin ciwon sukari in an sha ba a ci abinci ba, duk suna iya kawo jiri. Tsofaffinmu da yawa suna haɗa na asibiti da na kemis da na gargajiya. A zuba su duka cikin leda ɗaya a kai wa ma'aikacin lafiya ya duba. Amma kada kowa ya daina shan maganin hawan jini da kansa, gama wannan zai iya jawo shanyewar jiki.

4. Fitsarin dare. Dattawa maza da yawa sukan tashi sau 3 ko 4 kafin asuba, mata kuma wasu fitsari yakan matsa musu har su yi gaggawa. Gaggawa cikin duhu da magagin barci ita ce ta fi ka da mutane. Wannan ba abin kunya ba ne, ciwo ne da ake dubawa a asibiti.

5. Ƙafafu. Ciwon gwiwa, da kaushi mai tsagewa, da farce da ya yi tsawo ya lanƙwashe, da mutuwar tafin ƙafa irin ta masu ciwon sukari, duk suna hana mutum jin ƙasa da kyau.

6. Abin sha mai sa maye. Ba za mu ɓoye wannan ba. Ƙwaryar burkutu da jiki ya ɗauka yana da shekara 40, ba zai ɗauka yana da 70 ba.

Dalilan da ke cikin gida

Gidajenmu na Kawo da Unguwan Dosa da Malali da Unguwan Rimi da Kabala ba kamar na ƙauye ba ne. Tsohuwar da ta yi shekara 50 a gidan mijinta ta san kowane tudu da kwari na tsakar gidan da ƙafarta, ko da ido rufe. Ƙasar wurin kuma tana shan ruwa, tana riƙe ƙafa. In an kawo ta birni, saboda rashin lafiya ko saboda rashin kwanciyar hankali a ƙauye, sai ta tarar da siminti mai sulɓi, da tayil, da lambatu a ƙofar gida da aka ɗora wa katako guda. A unguwannin da ke kusa da kogi kuma, saboda ambaliya, mutane sukan ɗaga dokin ƙofa da dakali su yi tsayi. Abin da ke hana ruwa shiga ɗaki shi ne ke harɗe ƙafar Kaka. Watanni na farko bayan an kawo tsoho sabon wuri, a sa ido ƙwarai.

Shawararmu ita ce, a fara da hanya ɗaya tak, watau daga shimfiɗar tsoho zuwa bayan gida. Ita ce hanyar da yake bi kowane dare, shi kaɗai, cikin duhu. Ku bi ta da kanku da dare, ku tafi a hankali kuna jan ƙafa kamar yadda yake yi, za ku ga abin da ba ku taɓa gani ba.

Wurin kwana. Tashi daga tabarma ko katifa a ƙasa aiki ne babba ga mai ciwon gwiwa. A yi masa gado wanda in ya zauna a bakinsa tafin ƙafafunsa biyu za su taɓa ƙasa sosai, watau tsayin kamar ƙafa ɗaya da rabi. In gadon ƙarfe ne mai tsayi, a rage ƙafafunsa. A soke gidan sauro yadda ba zai naɗe masa ƙafa ba. Ledar ɗaki da ta yage ko ta naɗe a baki, da ƙaramar darduma a kan tayil, a ɗauke su.

Haske. Idon tsoho yana bukatar haske fiye da na saurayi ninki biyu ko uku. Kada a dogara ga wutar lantarki. A ajiye tocila a wuri guda kullum, inda hannunsa zai kai yana kwance, a kuma hana yara ɗauka. Ƙaramar fitila mai cajin rana da aka rataye a tsakar gida, wata kuma a ƙofar bayan gida, sun isa. Mun fi son waɗannan a kan fitilar ƙwai ko kyandir, gama in ya faɗi da wuta a hannu, matsala ta zama biyu.

Dokin ƙofa da matakala. In dokin ƙofa ya wuce inci 7, a gina ɗan mataki mai faɗi a gabansa ya raba tsayin biyu. A shafa farin fenti ko farar ƙasa a bakin kowane mataki domin ido ya rabe shi. A kafa abin riƙewa a gefen ƙofa, ko na bututun ƙarfe ko na itace mai ƙwari. Maƙera da masu walda na Panteka za su lanƙwasa muku bututu yadda kuke so, tsohon bututun ruwa ma ya isa.

Tsakar gida. Kafin a kwanta, a kwashe turmi, da tabarya, da kujerun tsugunno, da bokitai, da itacen wuta, da fartanya daga kan hanya. A ba wani yaro wannan aiki ya zama nasa kowace yamma. A ɗaure awaki nesa da hanyar. Igiyar shanya ta wuce tsayin kai. Masara ko wake da aka baza a kan siminti suna mirgina ƙarƙashin ƙafa kamar tsakuwa, saboda haka a bar wa tsoho hanya lokacin kaka. Rijiya kuwa a yi mata murfi da baki mai tsayi, tsoho kuma ya bar jan guga.

Gansakuka. Daga Yuli zuwa Satumba, sa'ad da ruwa ya fi yawa a Kaduna, duk inda ruwa ke kwanciya a kan siminti yakan yi kore ya yi santsi. A kankare da tsintsiyar kwakwa ko burushin ƙarfe sau ɗaya a sati, a watsa toka ko yashi. A gyara kwata ruwan wanka da na wanke-wanke ya bi hanyarsa. In za a yi sabon daɓe, a gaya wa magini kada ya goge shi ya yi sulɓi, ya ja tsintsiya a kai tun siminti bai bushe ba.

Bayan gida da wurin wanka. Nan ne wuri mafi hatsari a gidan duka, gama akwai ruwa da sabulu da tsugunno. A kafa abin riƙewa a bango, ko a kafa turke mai ƙarfi a ƙasa kusa da ramin masai. Kafinta zai iya yin kujera mai rami a tsakiya a ɗora bisa masai domin tsoho ya zauna maimakon tsugunno. A wurin wanka a sa benci ko kujera mai ƙarfi ya yi wanka a zaune, bokiti kuma a ɗora shi a kan wani abu domin kada ya sunkuya. Ƙofar ta riƙa buɗewa ta waje, kada kuma a sa sakata mai ƙarfi ta ciki, domin in ya faɗi a iya shiga. Da dare kuwa, bokiti mai murfi a cikin ɗaki ya fi tafiya cikin ruwan sama. A yi wannan magana da hikima. 'Ya ko suruka ta ce, "Mama, ga wannan saboda dare, ni zan riƙa zubarwa," ba a gaban jama'a ba.

Takalmi, sanda da ƙarfin ƙafa

Silifa da ta sule a ƙasa, ko ta yi wa ƙafa yawa, tarko ce. A saya wa tsoho takalmi mai igiya ko maɗauri a dunduniya, mai ƙasan roba da ke kama ƙasa. Safa a kan tayil lokacin hunturu ma tana da santsi. Zane ko wando kada ya ja ƙasa.

Sanda ba abin kunya ba ce, kakanninmu sun riƙe ta da daraja. Amma sai ta yi daidai da mai ita. In ya tsaya ya saki hannunsa, kan sandar ya zo daidai wuyan hannu. A sa mata roba a ƙasa, guntun tsohuwar taya ya isa. In ƙafa ɗaya ce ke ciwo, a riƙe sandar a hannun ɗaya gefen, watau in gwiwar hagu ce, sanda a hannun dama.

Kuskuren da mu 'ya'ya muke yi saboda ƙauna shi ne mu ce, "Baba, zauna ka huta, kada ka taɓa kome." Zama wuri ɗaya yana cinye naman ƙafa. Abin da bincike ya fi tabbatarwa wajen rage faɗuwa shi ne motsa jiki mai ƙarfafa ƙafa da koya wa jiki tsayawa daidai. Wani shiri da aka gwada a Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan, inda tsofaffi ke yin irin wannan motsi a gidajensu, ya rage faɗuwa da wajen kashi ɗaya cikin uku. Ga guda 4 da ba su bukatar ko kwabo:

1. A zauna a kujera mai ƙarfi da aka jingina da bango, a miƙe, a sake zama a hankali, sau 5 zuwa 10.
2. A dafa bango, a ɗaga dunduniya a tsaya a kan yatsu, a sauko, sau 10.
3. A dafa bango, a tsaya da ƙafa ɗaya a ƙirga 10, a sauya.
4. A yi tafiya a gefen bango ana sa dunduniya a gaban yatsun ɗaya ƙafar, taki 10.

A yi su aƙalla sau 3 a sati, da wani a kusa. In jiri ko ciwon ƙirji ya zo, a tsaya. Ban da wannan, a bar tsoho ya ci gaba da ƙananan ayyuka, kamar ɓarar gyaɗa, ba kaji hatsi, da tafiya majami'a in tana kusa. Abin da za a hana shi ne hawa, ko kan kujera, ko tsani, ko rumbu, ko bishiya.

Wajen abinci kuma, tuwo kaɗai ba ya riƙe ƙashi da tsoka. Mu manoma ne, muna da wake, da waken suya, da gyaɗa, da riɗi, da zogale, da ƙwai. A ƙara da nono da ƙananan kifi da ake ci har ƙashi. A fito da shi ya sha hantsi kowace rana, gama hasken rana yana taimakon ƙashi.

In tsoho ya faɗi

Kada a ruga a fizge shi ta hannu. A durƙusa kusa da shi, a kwantar masa da hankali, a tambaye shi inda ke ciwo. Kada a ɗaga shi tsaye in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwo mai tsanani a ƙugu ko matsematsi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta ko ta juya waje, ciwon wuya ko baya, ko suma. A rufe shi da bargo, a nemi ƙyaure ko faffaɗan katako, mutum 3 ko 4 su ɗauke shi a miƙe, a sa shi a mota. Ba a ɗaukar irin wannan a kan babur. A tafi babban asibiti inda ake ɗaukar hoton ƙashi, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko Asibitin Sojoji na 44, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A Kano kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala.

Mun san mutanenmu suna da amana ga masu ɗori. Amma ƙashin ƙugu yana can ciki ƙarƙashin nama mai kauri, hannu ba ya kai gare shi, kara ba ya ɗaure shi. Yawanci aiki yake bukata, kuma gwargwadon saurin yinsa, gwargwadon begen sake tafiya. A ɗauki hoto tukuna kafin a yanke kowace shawara.

In ya bugi kai, a sa masa ido ko da ya ce lafiya lau. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, ko ruɗewa, ko bayan sati 2 ko 3 ne suka zo, alama ce jini na taruwa cikin kai. Haka kuma in baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta sarƙe, a tafi asibiti nan da nan.

In ba rauni, a koya masa tashi da kansa: ya juya gefe, ya durƙusa bisa hannuwa da gwiwoyi, ya rarrafa zuwa kujera ko dakali, ya dafa, ya kafa ƙafa mai ƙarfi, ya miƙe a hankali ya juya ya zauna. Mai kwana shi kaɗai a ba shi usur ko ƙararrawa ko waya kusa da shimfiɗa. Kowace faɗuwa kuma, kome ƙanƙantarta, a gaya wa ma'aikacin lafiya, kada a yi wa tsoho faɗa, gama faɗa ne ke sa su ɓoye.

Abin da ƙungiya za ta yi

Cikin Maimaitawar Shari'a 22:8 an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa rawani kewaye, domin kada wani ya faɗo alhakin ya hau kan gidan. Littafin Firistoci sura 19 kuma ya hana sa abin tuntuɓe a gaban makaho, ya ce a girmama mai furfura. Ashe tun dā Ubangiji ya ɗora wa mai gida nauyin hana faɗuwa. Girmama iyaye ba durƙuso da gaisuwa kaɗai ba ne, har da kankare gansakuka.

Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsofaffi a 2021, a shekarar kuma Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa ta fara aiki. Wannan abu ne mai kyau, amma ba wanda zai zo daga Abuja ya ɗauke turmi daga ƙofar Kaka. Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta yi:

1. Magatakarda ya rubuta sunan kowane tsoho mai shekara 65 zuwa sama a gidajen 'yan ƙungiya, da gwauraye da ke zaune su kaɗai.
2. A zaɓi mutum 2, namiji da mace daga Zumuntar Mata, su ziyarci kowane ɗaya su yi masa tambaya 3: Ka faɗi cikin shekarar nan? Kana jin tangaɗi in kana tsaye ko tafiya? Kana jin tsoron faɗuwa? Wanda ya amsa i ko ga ɗaya, a fara da gidansa, a kuma kai shi a duba shi.
3. A sa ranar gayya sau 2 a shekara, ɗaya cikin Afrilu kafin ruwa ya sauka, ɗaya bayan girbi. Kamar yadda muke taruwa mu nome gonar ɗan'uwa, haka magini da kafinta da matasa za su taru su gyara gida 3 ko 4 a yini.
4. A ware ɗan kaso daga ribar ƙungiya ko baikon kaka domin siminti, bututu, fitila da kuɗin motar zuwa duban ido.
5. A dubi majami'a ita ma: matakalar shiga, bayan gida, da benci marar majingina. Bayan sujada tsofaffi za su iya yin motsin nan 4 tare na minti 10.
6. Kada a tsaya a kan 'yan ikilisiya. In maƙwabcinmu Musulmi yana da tsoho, a ba shi wannan shawara, a kuma ba da hannu. Wurin alwala ma yana yin gansakuka kamar wurin wanka.

A yi kome da shawarar tsohon kansa. Gidansa ne, jikinsa ne. In an tambaye shi, "Baba, ina ne ke ba ka wahala?" shi zai nuna wurin da ba mu lura ba.

Tsohuwar nan ta Rafin Guza tana nan da rai, tana takawa kaɗan da sanda. 'Yan ƙungiyarsu sun yi mata gayya ran wata Asabar, sun gyara hanyar nan mai taki 14 kafin azahar. Da an yi haka shekara guda kafin nan, da masarar ɗanta ta kai rumbu.

Tambayoyi domin taronku na gaba

1. Tsofaffi nawa ne a gidajen 'yan ƙungiyarmu, nawa ne kuma suka faɗi cikin shekarar nan?
2. Wane gida ne za mu fara gyarawa, wace rana?
3. Wa ke da mota ko Keke Napep da za a iya kira da tsakar dare?

Ku aiko mana da labarin abin da kuka yi domin sauran ƙungiyoyi su koya. Ubangiji ya ba mu ƙarfi da hikimar riƙon iyayenmu.